Rahoton Gwajin Telekonbata a Kan Gilashi Mai Milimita 300

9 ga Maris, 2024

Manufar wannan aiki ita ce in gano ta hanyar gwaji ko telekonbata tana ƙara wa hoto wani abu na gaskiya, ko kuwa girma kawai take ƙara masa. Telekonbata ɗan gajeren bututu ce mai gilasai a ciki, wadda ake ɗaurawa tsakanin jikin kyamara da gilashin da ke jawo nesa, domin ta ninka tsawon gilashin, wato adadin milimitocin da ke nuna ƙarfin jawo nesansa. Kayan da zan yi aiki da su su ne kyamara mai madubi a ciki wadda sensarta, wato farantin da ke kama hoto, ke da faɗin milimita 36 da tsawon milimita 24 da megafiksel 24 (fiksel miliyan 24, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto), da gilashi mai milimita 300 wanda ƙofar haskensa ke buɗewa zuwa f/4 (idan lambar f ta ƙaru, hasken da ke isa sensa yana raguwa), da telekonbata guda biyu, ɗaya mai ninki 1.4, ɗaya mai ninki 2, sai kuma ƙafa uku mai nauyi.

Lissafin ba shi da wuya, amma ya kamata a rubuta shi tun farko domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Mai ninki 1.4 tana mayar da milimita 300 zuwa 420, mai ninki 2 kuma tana mayar da su 600. Sai dai bakin gilashin da haske ke shiga ta cikinsa bai canza ba, faɗinsa yana nan a milimita 75, wato 300 a raba gida huɗu. Hasken da ya shiga ɗin nan shi ne telekonbata ke shimfiɗawa a kan fili mafi girma. Idan aka ninka faɗi da tsawo sau 1.4, filin ya ninka sau biyu, don haka kowane ɓangare na sensa yana samun rabin hasken da yake samu a da, f/4 ta koma f/5.6. Idan kuma aka ninka sau 2, filin ya ninka sau huɗu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, f/4 ta koma f/8. Masu ɗaukar hoto suna cewa an yi asarar mataki ɗaya ko mataki biyu. Babu wani kamfani da zai iya kauce wa wannan asara komai kyan gilasansa, domin ba daga rashin ingancin ƙira ta fito ba.

Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce kada in kwatanta hoton telekonbata da hoton da aka ɗauka ba tare da ita ba a girmansa na asali, domin wannan kwatanci ba ya amsa tambayar da mai hoto yake fuskanta a fili. Wanda tsuntsu ya yi wa nisa zaɓi biyu gare shi: ya ɗaura telekonbata, ko ya ɗauki hoton haka nan ya yanke gefunansa a kwamfuta. Yankewa daidai da ninki 1.4 tana barin megafiksel 12 daga cikin 24, yankewa daidai da ninki 2 kuma tana barin 6 kacal. Da waɗannan yankakkun hotuna ne zan auna.

16 ga Maris, 2024

Batun dacewa ya fara tasowa kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. Gilashin gaba na telekonbata yana fitowa waje kaɗan, yana shiga cikin ramin da ke bayan babban gilashi, saboda haka ba ta hawa sai a kan gilasan da ke da wannan rami. Wani gilashin zuƙowa mai milimita 70 zuwa 300 da nake da shi bai karɓe ta ba, kuma ban tilasta ba, domin tilastawa na iya sa gilashi ya goge gilashi. Kamfanoni suna fitar da jerin gilasan da kowace telekonbata ta dace da su, kuma ya fi kyau a duba jerin kafin a saya. Har a cikin waɗanda suka dace akwai sharaɗi: gilashin Canon RF mai milimita 100 zuwa 500, alal misali, ba ya karɓar telekonbata sai an zuƙo shi zuwa 300 ko sama da haka, kuma muddin tana jikinsa ba zai koma ƙasa da 300 ba.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Masu kallon taurari sun daɗe suna amfani da gilashin Barlow, wanda aka sa wa sunan Peter Barlow, masanin lissafi ɗan Ingila da ya yi aiki a kansa tare da maƙerin gilasai George Dollond a shekarun 1830. Gilashi ne mai watsa haske, wanda ake sawa kafin wurin da hasken zai haɗu, sai ya tura mahaɗar baya, hoton ya ƙara girma. Telekonbata ta yau wannan aikin take yi, amma da gilasai da yawa a jere domin gyara launi da gefuna.

23 ga Maris, 2024

Gwajin farko a cikin ɗaki na yi shi, inda babu iska, babu motsi. Na manna shafin jarida mai ƙananan rubutu a bango, na kafa kyamara a kan ƙafa uku a nisan mita goma, na ɗage madubin ciki kafin kowace ɗauka, na kuma yi amfani da agogon jinkiri don kada yatsana ya girgiza komai. Fokas da hannu na saita shi, ina kallon hoton a allon baya bayan na ƙara girmansa iyaka.

Da mai ninki 1.4, sakamakon ya fito fili. Ƙananan haruffan da suka cuɗe da juna a yankakken hoto sun rabu a hoton telekonbata, ana iya ganin ɗigon da ke kan harafin i a matsayin ɗigo, ba ƙullutu ba. Wannan yana nuna cewa gilashin yana kawo bayanai fiye da abin da sensar ke iya kamawa, domin kowane fiksel a wannan kyamara faɗinsa kusan maikiromita 6 ne (maikiromita ɗaya kashi ɗaya cikin dubu ne na milimita), kuma akwai layukan da suka fi haka siranta a hoton da gilashin ke zubawa. Telekonbata ta faɗaɗa waɗannan layuka har suka kai girman da sensa za ta gan su. A ganina wannan shi ne kaɗai dalilin da zai sa a ɗaura ta. Idan gilashi ba shi da wannan rara ta kaifi, babu abin da za a faɗaɗa face dishi-dishinsa.

Da mai ninki 2 al'amarin ya fi rikitarwa. A f/8, wato ƙofa a buɗe gaba ɗaya, baƙin rubutu ya koma toka-toka, kuma wata siririyar geza mai launin shunayya ta bayyana a bakin haruffa, musamman a kusurwoyin hoto. Gezar tana nan a gilashin tun asali, ƙanƙanuwa ce har ba a lura da ita, telekonbata ce ta ninka ta tare da komai. Da na tsuke ƙofar zuwa f/11 baƙin ya dawo, gezar ta ragu sosai, kuma hoton ya fi yankakken mai megafiksel 6 nesa ba kusa ba. Amma da na kwatanta shi da hoton mai ninki 1.4 da aka ɗan yanke don girmansu ya zo ɗaya, tazarar ta ragu ƙwarai, sai an sa ido kafin a ga bambancin.

A f/16 kaifin ya fara komawa baya, kuma dalilin sananne ne. Haske yana bazuwa idan ya ratsa ƙaramar ƙofa, har ɗigo ɗaya ya zama ɗan faifai a kan sensa. Ga koren haske, faɗin faifan yana kusan maikiromita 11 a f/8, kusan 15 a f/11, ya kuma wuce 21 a f/16, wato ya rufe fiksel uku da rabi. Mai amfani da ninki 2 a kan gilashin f/4 yana cikin matsatsi ke nan: a f/8 aibin gilashi bai kwanta ba, a f/16 bazuwar haske ta ci kaifin, wuri guda ne kawai ya rage masa a tsakiya.

6 ga Afrilu, 2024

Fita ta farko zuwa bakin ruwa domin tsuntsaye. Lissafi ya nuna cewa tsuntsu mai tsawon santimita 15 da ke nisan mita 20 zai ɗauki kusan milimita 2.25 a kan sensa da gilashin 300, wato fiksel 375, zai ɗauki 525 da mai ninki 1.4, sannan 750 da mai ninki 2. A takarda wannan riba ce babba. A fili kuwa, otofokas, wato tsarin da kyamara ke saita fokas da kanta, shi ne ya fara nuna iyakarsa.

Kyamarori masu madubi suna auna fokas da wata ƙaramar sensa ta daban wadda ke kallon haske daga gefuna biyu na gilashi, kuma yawancinsu an ƙera su ne don gilasan da ke buɗewa zuwa f/5.6 ko fiye. Da mai ninki 1.4 ina kan wannan iyaka daidai, duk wuraren fokas suna aiki, sai dai an ji jinkiri kaɗan idan gilashin ya tashi daga kusa zuwa nesa. Da mai ninki 2 na faɗa f/8, inda 'yan wuraren tsakiya ne kawai ke aiki. Wani zalɓe da ke tsaye a cikin ruwa bai ba da wahala ba, an samu idonsa tas, har da ɗan kifin da ke bakinsa. Amma da shirwa ta ratsa sama, gilashin ya tafi nesa, ya dawo kusa, ya sake tafiya, kafin ya tsaya ta bar filin hoton. Maɓallin da ke jikin gilashi mai hana fokas sauka ƙasa da mita uku ya taimaka, domin ya rage tafiyar da injin zai yi, amma bai kawar da matsalar ba.

Akwai kuma wahalar nemo tsuntsun tun farko. A milimita 300 faɗin abin da ake gani kusan digiri 7 ne, a 600 kuma bai kai uku da rabi ba. Neman tsuntsu mai tashi a wannan ɗan fili kamar leƙen sama ne ta cikin kara mai rami. Hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce in bar idanu biyu a buɗe, in daidaita bakin gilashin da tsuntsun kafin in kai ido ga maleƙa, wato ɗan tagar kyamara da ake leƙawa.

Saurin ɗauka shi ma ya ci nasa rabon. Tsohuwar ƙa'ida ta ce kada lokacin ɗauka ya wuce ɗaya bisa tsawon gilashi idan da hannu ake riƙe, wato 1/600 na daƙiƙa a milimita 600, tsuntsu mai tashi kuma yana bukatar 1/2000 ko kusa da haka. Hasken da ya ishe ni in yi aiki da ISO 800 (ISO ma'auni ne na yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske) a f/4 ya tilasta mini 3200 a f/8, da 6400 idan na tsuke zuwa f/11 domin kaifi. A nan ne ribar da na gani a cikin ɗaki ta fara narkewa, domin tsaki-tsakin da ISO mai yawa ke kawowa yana cinye ƙananan gashin fuka-fuki, waɗanda dominsu aka ɗaura telekonbatar.

16 ga Afrilu, 2024

Daren jiya wata ya kai rabi, yau kuma ya ɗan wuce, lokaci mafi kyau na ganin ramukansa, domin hasken rana yana bugunsu ta gefe a kan layin da ya raba haske da duhu. Wata shi ne abin da telekonbata mai ninki 2 ta fi dacewa da shi: yana da haske, ba ya tsalle, kuma babu yadda za a matsa kusa da shi. Faɗinsa a sama kusan rabin digiri ne, a kan sensa kuma yana ɗaukar kusan milimita 2.7 da gilashin 300, da 5.5 idan aka kai 600, wato fiksel kusan 450 da kusan 900.

Faɗin wata kilomita 3,474 ne, don haka a milimita 600 kowane fiksel yana wakiltar ƙasa da kilomita huɗu a tsakiyarsa. Ramin Ptolemaeus, mai faɗin kilomita 150 da 'yan kai, ya samu fiksel kusan arba'in a maimakon ashirin. A yankakken hoton 300 an ga da'irarsa kawai. A hoton 600 da f/11 an ga shimfiɗaɗɗen cikinsa, an ga ramin Alphonsus a ƙasansa da ɗan tsaunin da ke tsakiyarsa, an kuma ga inuwar duwatsun Apennine tana da baki mai kaifi. Wannan ne karon farko da mai ninki 2 ta yi nasara ba tare da jayayya ba.

Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye shi ne cewa wata yana tafiya a cikin filin hoto saboda juyawar duniya, yana ratsa faɗin kansa a cikin kusan minti biyu. A wannan tsawo yana matsawa fiksel ɗaya a kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa, saboda haka na tsaya a 1/125 ko sama. Na kuma ɗauki hotuna da yawa a jere na zaɓi mafi kaifi, domin ko da kyamara ba ta motsa ba, wasu sun fito da laushi, wasu da kaifi, gwargwadon yadda iskar sama take a wannan ɗan lokaci.

4 ga Mayu, 2024

Gwajin abu mai nisa da rana tsaka, wani allo mai rubutu da ke wajen mita ɗari uku a ƙetaren fili. Duk hotunan sun lalace iri ɗaya. Ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta tana tashi tana gauraya da mai sanyi, haske yana karkacewa a hanya, layukan allon suka fito a lanƙwashe kamar ana kallonsu ta cikin kawalwalniya. A 300 an ga rawar, a 420 ta ƙaru, a 600 kuma ita kaɗai aka gani. Saurin ɗauka bai gyara ba, tsuke ƙofa bai gyara ba, domin hoton ya riga ya lalace kafin ya iso bakin gilashi. Da na koma wurin da asuba kafin ƙasa ta ɗumama, rubutun ya karantu da mai ninki 1.4 sarai.

Wannan gwaji ya canza yadda nake kallon kayan. Ana sayen telekonbata ne da tunanin abu mai nisa ƙwarai, alhali nisan ne ke cika hanya da iska, da ƙura, da tururi. Amfaninta ya fi fitowa a kan ƙaramin abu da ke matsakaicin nisa, inda iskar da ke tsakani ba ta da yawa.

18 ga Mayu, 2024

Bayanin da ya gabata ya kai ni ga gwajin da ya fi kowanne faranta mini rai. Telekonbata ba ta canza mafi ƙarancin nisan da gilashi zai iya yin fokas ba. Nawa yana tsayawa a wajen mita ɗaya da rabi, inda yake ba da hoton da ya kai kusan 0.24 na girman abu na gaskiya. Da mai ninki 1.4 wannan ya zama 0.34, da mai ninki 2 ya zama 0.48, kusan rabin girman abu, kuma ina tsaye a wuri ɗaya ban matsa ba. Faɗin abin da ke cika hoto ya ragu daga santimita 15 zuwa bakwai da rabi.

Na gwada a kan mazari da ya sauka a kan busasshen kara a bakin ruwa. Wannan ƙwaro yana tashi idan an kusance shi, amma yana da ɗabi'ar komawa kan karan da ya zaɓa, don haka na saita fokas a kan karan na jira. Da mai ninki 1.4 a f/8 jijiyoyin fuka-fukansa sun fito ɗaya bayan ɗaya, an ga ɗan baƙin tabon da ke kusa da ƙarshen kowane fiffike, an ga gashin ƙirjinsa, bayan hoton kuma ya narke ya zama kore mai laushi ba tare da ko ganye ɗaya da za a gane ba. Wahalar ita ce zurfin fokas, wanda a wannan girma 'yan milimitoci ne kawai. Idan kai ya fito, wutsiya ta ɓace, sai an zagaya an tsaya ta yadda jikin ƙwaron zai yi daidai da fuskar sensa daga kai zuwa wutsiya. Gilashin da aka ƙera don ƙananan abubuwa zai fi wannan kaifi, amma zai bukaci a matso har ƙwaron ya tashi.

1 ga Yuni, 2024

Na samu aron kyamara marar madubi tare da zoben da ke ba ta damar karɓar gilashina, domin in raba laifin telekonbata da laifin tsarin fokas. Irin waɗannan kyamarori suna auna fokas a kan babbar sensar kanta, kuma ba su da iyakar f/5.6 ɗin nan. Da mai ninki 2 wuraren fokas sun yi aiki a kusan duk faɗin hoto, kyamarar ta kama idon balbela tana tafiya, ta kuma riƙe shi. Maleƙar ma ba ta yi duhu ba, domin allo ce da ke ƙara haske da kanta. Ashe wani ɓangare na abin da na rubuta ranar 6 ga Afrilu na tsarin fokas ne, ba na gilasai ba.

Sai dai sensar wannan kyamara tana da megafiksel 45, kowane fiksel kusan maikiromita 4.3, kuma hakan ya taɓa ainihin lissafin. Yanke hoto daidai da ninki 1.4 yana barin fiye da megafiksel 22, kuma ƙananan fiksel ɗin sun riga sun kama yawancin rarar kaifin da telekonbata ke fitarwa a kyamarata. Ribar mai ninki 1.4 tana nan amma ta ragu, ribar mai ninki 2 a kan mai ninki 1.4 kuwa ban iya ganinta ba sai a shafin jarida. Amsar tambayar da na fara da ita ta dogara ne a kan haɗuwar gilashi da sensa, ba a kan telekonbata ita kaɗai ba.

Kamfanoni da kansu sun nuna inda suka fi amincewa, domin lokacin da suka fara gina telekonbata a cikin jikin manyan gilasai, ninki 1.4 suka zaɓa. Canon ta fitar da gilashi mai milimita 200 zuwa 400 f/4 a 2013 da telekonbata a ciki wadda ake shigarwa da ɗan hannu guda, Nikon ta fitar da mai 180 zuwa 400 a 2018, sannan mai 400 f/2.8 na kyamarorinta marasa madubi na jerin Z a 2022. A irin wannan ƙira an daidaita telekonbatar da gilashi ɗaya tak, kuma mai hoto ba ya buɗe kyamara a fili ƙura ta shiga.

15 ga Yuni, 2024

Mai ninki 1.4 yanzu tana zaune a kan gilashin duk lokacin da haske ya wadata, ina cire ta ne da asuba da kuma bayan rana ta yi ƙasa, lokacin da mataki ɗaya na haske ya fi milimita 120 daraja. Mai ninki 2 na ware ta don wata da abubuwan da ba sa motsi, a kan ƙafa uku, a f/11. Ɗora su biyun a kan juna, wanda zai ba da milimita 840 a f/11, ban gwada ba, domin gilashin gaban ɗaya ba ya shiga bayan ɗayar sai da ƙarin zobe a tsakani.

Gwaji na gaba zai kasance da gilashi mai milimita 70 zuwa 200 f/2.8, wanda mai ninki 2 za ta mayar 140 zuwa 400 f/5.6. Zan auna shi a 400 da gilashin 300 mai ɗauke da ninki 1.4, tunda dukansu suna tsayawa a f/5.6 kuma tsawonsu ya yi kusa, da shafin jarida iri ɗaya, a nisan mita goma ɗin nan.